Shekarar da Baba Ya Koma Masaƙa

Ni tela ce. Ina da ɗan shago a Gezawa, keken ɗinki biyu da dutsen guga da benci guda da masu kawo ɗinki ke zama. A garin nake aure, amma ƙauyenmu ba shi da nisa, don haka kowace Juma'a da hantsi nakan rufe shago in hau adaidaita in tafi wurin iyayena, in yini, in dawo kafin magariba.

Babana masaƙi ne, ko in ce a da can. Da na yi wayo a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu na gan shi, zaune a masaƙa, zare a miƙe gabansa har kusan bakin rijiya, ƙafafunsa suna tashi suna sauka, ƙoshiyar saƙa mai ɗauke da zare tana wucewa daga wannan hannu zuwa wancan. Inna kuwa kaɗi take yi. In ta gama aikin gida sai ta jawo taskirarta, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, tana kaɗi tana hira, ko kallon zaren ba ta yi. Kafin in gama firamare duk abin ya mutu. Yadin kanti ya cika kasuwa, mai sauƙi, mai sheƙi, mutane suka daina tambayar saƙa. Baba ya kwance masaƙa ya koma noma gaba ɗaya. Da gwiwa ta fara damunsa, Yayana ya karɓi gonar, shi kuma ya zama mai zaman ƙofar gida, daga tabarma sai masallaci, sai rediyo, sai faɗa da kajin maƙwabta.

Wata Juma'a a cikin rani na tafi gida da aiki a hannu. Wata mata ce ta kawo mini yadi in ɗinka mata doguwar riga, ta ce bikin al'ada za su yi a wurin aikinsu. Yadin na kanti ne, amma an buga masa zanen saƙi, baƙi da fari kamar bayan zabo. Saura kalmasa kawai, sai na ce in ƙarasa da allura a gida. Ina zaune a tsakar gida ina yi, Baba ya shigo alwala. Ya wuce ni, sai ya dawo da baya.

"Uwata, mu gani," in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na miƙa masa. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi sama ya kalli rana ta ciki, ya juya bayansa ya ga fari fat, ba zane.

"Wannan ai hoton saƙi ne," ya ce. "An ɗauki saƙi hoto an manna a leda."

Inna tana bakin murhu tana kaɗa miya. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Mai hoton dai ya yi aiki. Masu na gasken kuwa suna ƙofar gida suna korar kaji."

Baba ya ajiye buta. "Ni kike wa magana?"

"Ni da tukunyata nake, Malam."

"To ki sani, yau aka ba ni zare, gobe in hau masaƙa. Amma zaren hannu. Ba na saƙa da zaren kanti, ban taɓa ba. Ina masu kaɗin? Sun manta ta inda ake riƙe mazari."

"Masu kaɗi suna nan," in ji Inna. "Auduga ce babu. Rabon da a ga auduga a gonakin garin nan tun Tela tana firamare. A kawo mini audugar gona, ba ta katifa ba, ka ga zare."

Ita Tela take ce mini, don ba ta faɗin sunan surukarta ko da a kan 'yarta ne.

Kowannensu ya koma abin da yake yi da alamar ya ci nasara. Baba ya jingina abin ga Inna, Inna ta jingina shi ga gona, gona kuwa ba ta magana. Ni dai na yi ta dariya, na gama kalmasata, na koma Gezawa. Amma maganar ba ta bar ni ba. Kullum a shago ina yanka yadin da ba ya shan gumi, wanda in wuta ta taɓa shi sai ya narke, ina share ƙyallayensa ina kaiwa bola, awaki ma ba sa kallonsu. Na tuna gwadon da muke rufa da shi muna yara, saƙar Baba, wanda har yanzu yana nan a ɗakin Inna, ya koɗe amma bai yage ba. Sai na ji ina so in ɗinka irin wannan ko da sau ɗaya ne, in ji yadda yake a ƙarƙashin allura.

Na sami Yaya da maganar. Shi mutum ne mai son abin da zai sa tsofaffin nan su yi ta cacar baki, don haka bai yi gardama ba. Da ya je kasuwa wajen Kunci sayen rago, inda har yanzu wasu ke noman auduga, sai ya taho da angurya cikin kwano, irin ta shuka. Ya ajiye a rumfa ya gaya wa kowa abin da za a yi da ita.

Da na zo Juma'ar da ta biyo baya, kwanon ya koma rabi.

"Na ɗauka abincin dabbobi ne," in ji Inna, fuskarta ba alamar wasa. "Ai angurya awaki ake ba."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ta ji tsoro," ya ce. "Uwata, ɗauke sauran ki kai ɗakina kafin awakin su sake yin kuskure."

Da ruwa ya zauna Yaya ya shuka abin da ya rage a bakin gonar gyaɗa, ta gefen hanya. Gonakinmu a manne suke da juna, ba a yin komai a ɓoye. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya tambaya. Matasa da yawa ba su san tsiron ba, wani ya ce kuɓewa ce, wani ya ce rama. Dattijai kuwa suna gani suke ganewa, sai su tsaya su yi ta ba da labarin lokacin da kowace gona ke da audugarta. Baba, wanda ya ce gwiwa ta hana shi zuwa gona, sai ga shi yana dogara sanda yana zuwa dubawa. Ya ce wai iska yake sha. Da audugar ta yi fure, rawaya mai ɗan ja a ciki, ya tsinko ɗaya ya kawo ya ajiye wa Inna a kan faifai. Ita kuma ta ɗauke ta sa a gefe ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan an yanke gero an kai dawa rumbu, audugar ta fashe. Ba ta da yawa, amma ta yi kyau, fara sol. Ni da matar Yaya muka tsince ta cikin kwanduna muka kawo gida muka zube a gaban Inna.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfenta. Ta fito da taskira a nannaɗe cikin tsohon zane. Mazarinta na ciki, har guda uku, da ɗan dutsen gurza da ƙarfensa, da bakan shiɓa. Wannan matar da ta sha gaya mana kayan kaɗinta sun ɓace tun ambaliyar da ta ci katangar baya.

Gurza ba ta ba ta wahala ba. Ta ɗora auduga a dutse tana murza ƙarfe, angurya tana fita ta gefe. Shiɓa ma haka, tana kaɗa tsirkiyar baka auduga tana tashi kamar kumfa, tana naɗe ta sutu-sutu, wato curi-curi na kaɗi. Da aka zo kaɗi ne hannu ya ƙi. Zaren ya yi ta tsinkewa, inda bai tsinke ba kuma ya fito nan kauri nan siriri. Na ga ranta ya ɓaci. Ta cusa abin da ta kaɗa a ƙarƙashin tabarma don kada Baba ya gani, ta ce mini kada in kuskura in faɗa.

Washegari, kamar yadda matar Yaya ta ba ni labari, Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan wata tsohuwar ƙawarta, wadda suka yi kaɗi tare tun suna 'yan mata. Suka dawo tare. Daga ranar kullum bayan la'asar sai su zauna a inuwar ɗaki, kowace da mazarinta, suna yi suna yi wa juna dariya. Ƙawar ta ce nata zaren ya yi kama da igiyar guga, Inna ta ce ai nata ko tuntuɓe aka yi da shi sai an faɗi. Kafin wani lokaci hannu ya tuna. Wasu tsofaffi biyu suka ji labari suka zo da nasu mazaran. Da na zo wata Juma'a na tarar da su huɗu a jere, ga goro a tsakiya, ga mazarai suna juyawa, tsakar gidan nan da ta saba yin shiru ta cika da hira.

Ranar da zare ya taru, Inna ta jera shi a faifai ta kai wa Baba har ƙofar gida, gaban abokan hirarsa. Ta durƙusa ta ajiye.

"Malam, ga saƙonka. Ka ce yau a ba ka, gobe ka hau."

Gobe dai ba ta yiwu ba. Da Baba ya sa aka sauko da kayan masaƙa daga rufin zaure, gara ta cinye fiye da rabi. Ƙoshiya ce kaɗai ta tsira lafiya, don itacenta mai tauri ne. Allera, wato abin nan mai kama da mataji da ake buga zare da shi, ta zama gari. Sai da ya aika wa wani tsohon abokin sana'arsa a wani ƙauye can gaba, wanda shi ma ya daɗe da bari, amma ya adana kayansa. Mutumin bai aiko da allerar ba, da kansa ya kawo ta a kan keke, ya ce yana so ya ga mahaukacin da zai koma saƙa a wannan zamani. Ya yini, suka kafa itatuwan masaƙa tare a gindin darbejiya, suka yi wadari, suna kai da komo tsakanin turaku suna jan zare, yara suna biye da su suna kallo.

Na so a ce ina nan ranar da ya fara, amma ina shago. Da na zo na jiyo ƙarar tun daga bakin hanya, wannan bugun da na sani tun ina ƙarama. Na tsaya a bayan darni na ɗan jima ina saurare kafin in ƙarasa. Baba yana zaune, hula a ture, gumi a goshi. Bai daina ba da ya gan ni.

"Uwata, zaren uwarki akwai ƙulli," ya ce.

Daga cikin gida muryar Inna ta taso. "Ki duba bakin saƙar tasa, Tela, ki ga yadda ya karkace kamar hanyar shanu."

Na duba. Gaskiya akwai ƙulli, bakin ma ya ɗan karkace. Na ce musu duka biyun sun yi kyau.

Saƙar maza siririya take fitowa, faɗinta bai fi tafin hannu ba, sai an jera falle-falle an haɗa kafin ta zama zane. Da Baba ya gama ya naɗe ta ya ba ni. Na kai shago na haɗa ta a keken ɗinki, na dawo da ita na shimfiɗa a tabarma a tsakar gida, na ɗauko alli da almakashi zan fitar da wuya da hammata yadda na saba.

"Me za ki yi da wannan?" in ji Baba.

"Yanka zan yi, Baba. Riga zan fitar."

"Abin da ya faɗi ƙasa fa?"

"Ƙyalle ne, zubarwa ake yi."

Inna ta ajiye abin da ke hannunta. Karo na farko ke nan tun da aka fara wannan magana da na ga bakinsu ya zo ɗaya.

"Ƙyallen nan da kike faɗa," in ji ta, "la'asar nawa na yi a kansa kin sani? Ki nemi dabara."

Na koma Gezawa da zanen ba a yanka ba. Na yi kwanaki ina juya shi, ina yafa shi a jikina gaban madubi, ina maƙala fil ina cirewa. A ƙarshe na warware haɗin, na sake jera fallayen yadda tsawonsu zai zama tsawon rigar, na bar tsaga a tsakiya ta zama wuya, na juya wasu a kwance suka zama hannu. Inda ya zama dole in yanke, a miƙe na yanke, guntun da ya rage na yi aljihu da shi. Ko zare ɗaya bai je bola ba. Tun da na fara ɗinki ban taɓa yin tunani a kan riga kamar wannan ba.

Na sa ta na tafi wani suna a unguwarmu, ina jin kaina. Lokacin zafi ya fara shigowa. Kafin a raba abinci na jiƙe sharkaf. Rigar ta yi nauyi, ta ƙi bin jiki, in na zauna sai ta tsaya da kanta kamar an kifa mini kwando. Wata ƙawata ta matso ta taɓa ta ce, "Wannan in kin gama da ita ki ara mini, buhun masararmu ya yage." Muka yi ta dariya. Amma mata da yawa sun taɓa, sun tambaya. Wata dattijuwa ta kama hannun rigar ta shinshina, ta ce ƙanshin ɗakin kakarta ta ji.

Na koma gida na gaya wa Baba saƙar ta yi kauri, irin ta gwado ce, ba ta rigar mata ba. Na roƙe shi ya sassauta bugu, ya bar iska ta riƙa wucewa.

"Wannan saƙar malalata ce," ya ce. "A zamaninmu wanda ya yi haka ba ya iya ɗaga kai a kasuwa."

"Baba, a zamaninku gwado kuke yi da rigunan maza. Ni mata nake ɗinka wa, kuma a cikin zafi za su sa."

Ya ƙi. Inna ce ta warware abin ba tare da ta yi masa magana ba. Ta zauna ta kaɗa wani zare siriri ƙwarai, irin wanda ta ce tun na lefen ƙanwarta ba ta sake yi ba. Da ta ba shi, ya ja shi tsakanin yatsu yana dubawa. Irin wannan zare ba ya ɗaukar bugu mai ƙarfi, dole a lallaɓa shi. Ya saƙa ɗan guntu don gwaji. Ya fito laushi, mara nauyi, in ka ɗaga kana hango haske ta ciki. Ya miƙo mini yana kallon wani wuri.

"Ba laifi," ya ce. "Amma kada ki gaya wa mutane ni na yi."

Bayan kwana kaɗan shi da kansa yake kiran masu wucewa yana nuna musu.

Audugarmu ta ƙare a nan, sai Yaya ya sake komawa wajen Kunci ya sayo mana ta gona, wadda ba a gurza ba. Ni kuma na shiga neman launi, don fari kaɗai ba zai ja masu saye ba. Baƙi da shuɗi ba wuya, akwai marina a birni da har yanzu ke rini da baba, can muke kai zare. Sauran na ce zan gwada da kaina. Inna ta tuna mini da karan dafi, jan nan da dukawa ke rina fata da shi, da saiwar rawaya, da bagaruwa. Na dafa karan dafi a tsohuwar tukunya na tsoma zare, ina sa ran ja wur. Da ya bushe na wanke, jan ya bi ruwa, abin da ya rage wani launi ne kamar na kunun kanwa. Na so in ɓoye, Inna ta ce ba a ɓoye zarenta. Baba ya saƙa shi haka nan, yana ratsa shi da fari.

Da shi na yi riga ta biyu, wata malamar makaranta ta gani a shago ta saya. Ta sa rigar ta ɗauki hoto ta ɗora a waya. Ba a yi sati ba wata budurwa ta zo shagona daga birni, da hoton a hannunta tana tambaya. Ta ce zanen tufafi ta karanta, tana da wurin ɗinki nata, kuma ta daɗe tana neman saƙar hannu ta gaske. Launin kunun nan shi ya fi burge ta. Na ce mata kuskure ne, ta ce in ci gaba da yin kuskuren.

Ranar Juma'a na tafi da ita ƙauye. Yarinya ce mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba, ta zauna cikin tsofaffi tana gwada murza mazari yana faɗuwa. Ta yi musu bayani cewa yanzu duniya ta fara gajiya da tufafin da ake sawa sau biyu a jefar, waɗanda ba sa ruɓewa, suna toshe magudanai. Ta ce abin da ake nema shi ne tufar da aka san gonar da ta fito, da hannun da ya yi ta, wadda ba a zuba mata sinadari ba, ba a kuma yi asarar ko ƙyalle ba. Tana yi tana haɗawa da Turanci, ina fassara abin da na gane.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ikon Allah. Mu da muna yin haka, rashi muke ce masa."

Budurwar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Kafin ta tafi ta koya mini abubuwa biyu da suka amfane ni ƙwarai. Ta ce in riƙa jiƙa zare a ruwan alif, wanda ake tace ruwa da shi, kafin rini, launi zai kama. Ta kuma ce in riƙa wanke saƙar ta bushe kafin in auna, don tana shan ruwa ta tsuke. Na gwada, duka biyun gaskiya ne. Yanzu ina samun ja in na so ja. Launin kunu kuma sai na yi da gangan, abin dariya har ya fi wuyar samu.

Tun daga nan muke aiki tare da ita. Takan aiko da zanen riguna a waya, in duba in ce mata wannan zai ci yanka da yawa, ta gyara. Ni ma nakan tura mata nawa. Ba duka ake saye ba, kuma ba zan ce mun yi arziki ba. Saƙar hannu tana cin lokaci, tana da tsada, mutanen ƙauyenmu da yawa har yanzu yadin kanti suke iya saye, ni ma ban daina ɗinka shi ba. Amma aiki ba ya yankewa. Abokin Baban nan mai keke ya kafa tasa masaƙar kusa da ta Baba, wai gidansa ba inuwa. Wani magidanci da ke zuwa birni aikin gini in rani ya yi, ya zauna ya koya, yanzu ya fi su sauri, su kuma suna cewa sauri ba shi ne saƙa ba. Masu kaɗi sun ƙaru, har da matan aure matasa, matar Yaya a cikinsu. Da damina in ka bi hanyar gonakinmu za ka ga auduga layi biyu ko uku a bakin gonaki da dama. Gwiwar Baba tana nan yadda take, amma ya daina maganarta, kajin maƙwabta kuma sun sami lafiya.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, muna hira a zaure, Baba ya saki wata magana. Ya ce duk shekarun da ya yi yana saƙa bai taɓa sa sabuwar riga ta saƙarsa ba. Mai kyau kasuwa ake kai ta, a sayo hatsi, shi kuma ya sa abin da ya samu. Bai faɗa da damuwa ba, labari kawai yake bayarwa. Na kalli Inna, ta kalle ni.

Na ce masa wani Alhaji a birni yana son fari mai ratsin shuɗi, na riga da wando, kuma ya ce a yi a tsanake. Baba ya zage ya yi saƙar da ban taɓa ganin ya yi irinta ba, yana yi yana cewa manyan mutane sun san abu mai kyau. Na ce masa jikin Alhajin kamar nasa ne, ya tsaya in gwada a kansa. Ya tsaya, hannu a buɗe, yana ba ni shawara in ƙara wa Alhaji tsawon hannu.

Ranar jajibere na kawo ɗinkin a goge a ninke. Inna ta karɓa ta kai masa.

"Alhajin ya fasa," ta ce. "Ya ce a ba wanda ya saƙa."

Baba ya dubi rigar, ya dube ni, ya dubi Inna. Ya shafa wuyan rigar da babban yatsa. Can ya ce, "Allah ya yi muku albarka," ya ɗauka ya shige ɗaki.

Da safe ya fito cikinta, ya ɗora hula, ya shafa turare. Har tsayuwarsa ta canza. Maza suka tafi idi, muka zauna muna aikin abinci. Kowa ya dawo, liman ya yanka ragonsa, Yaya ya wasa wuƙa ya kama namu yana jira, Baba shiru. Rana ta ɗaga sosai kafin muka ji sallamarsa.

"Mutane ne suka tare ni," ya ce yana zama. "Kowa sai ya taɓa. Mai unguwa yana son irinta, da limamin ƙauyen gaba, da wani da ban ma san shi ba. Uwata, sai ki shirya."

"Sai dai ka shirya," in ji Inna. "Yanzu dai tashi ka cire ta kafin ka ɓata ta da jini, rago yana jiranka tun ɗazu."

Ya ce a bar shi ya ɗan ƙara zama da ita tukuna. Inna ta kawo masa ruwa, Yaya ya mayar da ragon inuwa ya ɗaure, muka jira shi.